Tsakanin Makari da Magani: Daga Dafin Kibiya Zuwa Dalmar Bagega



Akwai wani aikatau na Turanci da kan tsaya wa mai fassara a maƙogwaro, wato counteract. Yana yawan fitowa a takardun asibiti, da sanarwar gwamnati, da rahotannin ƙungiyoyin agaji, irin waɗanda ake miƙo wa matashin marubuci da hantsi a ce ya mayar da su Hausa kafin la'asar. Abin da aka fi sa wa a gurbinsa shi ne "magance" ko "daƙile", a wuce wurin. To amma mai sauraron rediyo a Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, ko mai duba labari a waya a tashar motar Tsafe, bai ga Turancin ba. Hausar kaɗai ta iso masa, kuma da ita zai yanke shawarar ko ya fita gona gobe, ko ya bar yaro ya ci gaba da wasan ƙasa a tsakar gida. Don haka muka ga ya dace mu bi sawun wannan kalma, mu kuma bi sawun takwarorinta na Hausa, domin kowace daga cikinsu da tarihinta, kuma alkawarin da kowace take ɗaukar wa mai karatu ba girmansu ɗaya ba.

Kalmar Turancin gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko, counter, ta samo asali daga contra ta Latin, ta biyo ta Faransanci, ma'anarta kishiya ko gaba da gaba. Ta biyu, act, aikatawa ce. An fara ganin su a haɗe a rubutun Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 17. Idan Bature ya yi amfani da ita, abubuwa biyu yake hangowa suna aiki a lokaci guda, ɗaya yana turawa nan, ɗaya yana turawa can, har ƙarfin na farkon ya ragu ko ya tashi a banza. Likita zai faɗe ta game da ƙwayar da ke rage illar wata ƙwayar. Masanin tattalin arziki zai faɗe ta game da matakin babban banki a kan hauhawar farashi. Injiniya zai faɗe ta game da nauyin da aka rataya a wancan gefen don kada gini ya karkace. Abin lura shi ne, kusan kullum tasirin abu take faɗa wa: illa, ko ƙarfi, ko raɗaɗi, ko jita-jita. Ba ta ce tushen abin ya gushe ba. Turanci yana da prevent don abin da aka tare tun bai zo ba, yana da cure don cutar da aka raba mutum da ita. Wannan kuwa tana tsakiya, inda kokawar ba ta ƙare ba.

Bahaushe bai jira Turanci ba kafin ya san wannan. Duk wadda ta taɓa yin miyar yakuwa ta san aikin kanwa: ana jefa 'yar kaɗan ta kashe tsami. Yakuwar tana nan a tukunya, ba a tsame ta ba, kaifinta kawai aka karya. Masu ilimin sinadarai za su ce tsami da kanwa kishiyoyin juna ne, in sun gamu kowanne ya cinye ƙarfin ɗan uwansa. Uwargida kuma ta san abin da ya fi wannan, wato in hannu ya zarce kanwar ta yi yawa, miyar ta ɓaci ta wata fuskar. A wannan jimla ta madafa, "kashe" ita ce fassarar da ta fi kowace dacewa da counteract, amma da wuya mai fassara ya tuna da ita in yana gaban takardar ofis.

Kalmar da ta fi tsufa a wannan fage, ta kuma fi nauyi, ita ce makari. Ƙirarta irin ta mabuɗi ce da madubi da masassabi, wato sunan abin da ake aiki da shi, kuma abokiyar tafiyarta a baki ita ce "karya": makari yana karya dafi, yana karya guba, yana karya sammu. Gidanta na asali fagen fama ne da dajin farauta. A ƙasar Hausa kafin zuwan bindiga mai yawa, kibiya ce makamin talaka, kuma abin tsoro a jikinta shi ne dafin da aka shafa mata. Babban sinadarin wannan dafi 'ya'yan kwankwani ne, tsiron da masana ke kira Strophanthus, wanda Dakta Dalziel ya lissafa cikin littafinsa na sunayen tsirran Hausa a 1916. Akan haɗa shi da ƙaron tinya da wasu abubuwan da kowane gidan maharba ke ɓoye wa. Dafin kwankwani zuciya yake nufa, ya rikita bugunta har ta tsaya. Saboda haka rauni ɗan ƙarami a cinya ya isa ya kayar da ƙato.

Ƙasar da muke magana a kanta ta san wannan makami sosai. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu yana hannun 'yan baka, kuma su suka yi rinjaye. Shekarun da suka biyo baya an yi ta gwabzawa a faɗin Zamfara, daga Sabon Gari zuwa 'Yandoto ta kusa da Tsafe, har Alkalawa ta faɗi a 1808. Mayaƙin wancan zamani tanadi iri biyu yake yi wa kibiya, kuma bai taɓa rikita sunayensu ba. Akwai abin da zai hana ta shiga jiki: garkuwa, da sulke, da kwalkwali, da lifidin nan mai kauri da ake cusa wa auduga, wanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji tun wajen ƙarshen ƙarni na 14. Wannan kariya ce. Akwai kuma abin da zai sha ko a shafa masa bayan ta riga ta shiga, garin saiwa a ƙaho ko a 'yar batta. Wannan shi ne makari. Kariya kafin harbi take aiki, makari kuwa sai dafi ya shiga jini ake nemansa, shi da dafin su yi tsere zuwa zuciya.

Ko makarin maharba yana aiki yadda ake faɗa, wannan wata magana ce daban. Abin da ya shafe mu shi ne ma'aunin da kalmar ta zo da shi. Makari na abu guda ne takamaimai. Ba a cewa "makari" kawai sai an ce makarin me. Yana da lokaci, in an makara ya zama banza. Kuma bai ɗauki alkawarin mayar da naman da dafi ya riga ya ci ba. Haka abin yake har a asibitin zamani. Allurar makarin dafin maciji, wadda Albert Calmette na Faransa ya fara haɗawa a shekarun 1890, wadda kuma ake yi wa waɗanda kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe, tana kama dafin da ke yawo a jini ne. Yatsan da ya riga ya ruɓe ba ta dawo da shi. Wani abin sha'awa, ɗan uwan kwankwanin nan da mutanen yankin kogin Zambezi ke dafa kibiya da shi, shi ne wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya tace a shekarun 1880 ya mayar maganin ciwon zuciya. Bambancin kisa da ceto a nan awo ne kawai, kamar dai kanwar uwargida.

A Kwatarkwashi, wadda dutsenta ke cikin ƙaramar hukumar Bungudu a yau, aka ga iyakar tsohon tanadi. A 1903 rundunar Kano da ke komowa daga Sakkwato a ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da sojan Ingila a wurin, aka kashe Wazirin da mutane da dama. Lifidin da ke tsayar da kibiya bai tsayar da harsashi ba, harsashi kuma ba dafi ba ne balle a nemi makarinsa. Daga wannan lokaci kalmar ta fara barin fagen yaƙi, ta rage a bakin masu maganin gargajiya da malaman tsibbu, wajen karya sihiri da sammu, da irin abin nan da ake kira ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.

Riga-kafi ma daga yaƙi ta fito. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye ƙauyen da bai kai ga ganuwa ba, kuma sunan ya haɗa da asirin da ake binnewa don tsare gari. Sunayen garuruwa sun adana mana shi: Kafin Hausa, Kafin Madaki, Kafin Maiyaƙi. Wanda ya riga abokin gaba yin kafi, shi ya yi riga-kafi. Da Turawa suka kawo tsagar agana, mutane sun fi kiranta lamba, saboda tabon da take bari a dantse. Sannu a hankali riga-kafi ta zama sunan dukkan alluran da ake yi wa mai lafiya don kada ya kamu, kuma zaɓin ya yi kyau ƙwarai, domin karin maganar da ke cewa riga-kafi ya fi magani ya riga ya share mata hanya. Gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma ya fara a 1967, aka ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta gushewarta daga doron ƙasa a 1980. A nan "kawar da" ta faɗi daidai, babu ƙari ko kaɗan. Shan inna kuwa ta ba da wahala. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da ɗigon riga-kafinta saboda zargin an gurɓata shi, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. A tsawon waɗannan shekaru, aikin da sarakuna da malamai suka yi a kan jita-jitar shi ne ainihin abin da Bature zai kira counteract: jita-jitar tana tafiya, bayani yana bin ta yana rage mata gudu.

Wannan ya kawo mu ga zamanin da fassara ta zama sana'ar ofis. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, daga cikinta kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Masana tarihin jaridar sukan ambata cewa cikin dalilan kafa ta har da raɗe-raɗin da ya bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ta Hitila. Wato ita kanta jaridar da ta raini rubutun zube na boko an haife ta ne don ta zama makarin jita-jita, sunanta ma ya nuna haka. Daga nan Hausar gwamnati ta fara gina nata salon. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, sai "yaƙi da" ta zama riga mai shiga kowa: yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, yaƙi da cin hanci, yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da sauran gidajen rediyon da suka biyo baya, sun ƙara da buƙatar aikatau gajere mai shiga kanun labari cikin daƙiƙa biyar. Nan "magance" da "daƙile" da "shawo kan" suka samu kasuwa.

Ƙamusoshi ba su iya raba wannan gardama ba, kuma ba laifinsu ba ne. Daga na Schön na 1876, zuwa na Robinson, zuwa babban na Bargery na 1934, da na Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, aikin ƙamus mai harshe biyu shi ne ya jero maka kalmomin da ke maƙwabtaka da wadda ka nema. Ba ya zuwa ƙauye ya duba ko matsalar ta ƙare ko tana nan. Wannan awon na marubuci ne. "Magance" daga magani take, kuma kunnen Bahaushe in ya ji ta, waraka yake ji. "Daƙile" kuwa ta ginu a kan hoton abin da aka danne bai kai ga girmansa ba, kamar shukar da inuwa ta hana tashi. Tana dacewa da harin da aka tare a bakin gari, ba ta dacewa da wanda aka riga aka kwashi mutane sannan jami'ai suka iso.

Babu inda bambancin waɗannan kalmomi ya zama batun rai da mutuwa kamar a yammacin jihar Zamfara a 2010. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo, ya haura dala 1,000 kowane oza. Manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙar dutse. Suna kawo shi gida, a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Abin da ba su sani ba shi ne jijiyar dutsen da suka tarar cike take da dalma. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta bi hatsi, ta bi rijiyoyi, ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suka shiga yankin don sa ido a kan sanƙarau, suka lura yara ƙanana na mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau kuma ba sa yi musu komai. Gwajin jini ya nuna dalma ce.

Alƙaluman da suka fito daga baya masu tayar da hankali ne. Binciken da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka yi tare da jami'an Nijeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Na'urar gwajin da ake yawo da ita iyakar abin da take iya karantawa 65 ne a ma'aunin dalmar jini, jinin yara da yawa kuwa ya wuce inda take tsayawa, alhali daga 45 ake fara ba da magani. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da dokar Amurka ta sa iyakar 400 a filin wasan yara. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu a farkon annobar.

To, dalma tana da makari. Akwai ƙwayar da ake kira DMSA, wadda in yaro ya sha take kama dalmar da ke cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, akwai kuma wata allura ga waɗanda abin ya kai ga ƙwaƙwalwa. MSF ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, mace-macen kuma suka ragu ƙwarai. A daidai wannan gaɓa mai rubuta labari zai ji hannunsa yana ƙaiƙayin rubuta "an magance gubar dalma a Zamfara". Likitocin da kansu ba su yarda da haka ba, har suka kafa wani sharaɗi da ya yi wa mutane da yawa ɗaci: ba za su fara ba yaran wani ƙauye makarin a gida ba sai an tsabtace ƙauyen. Dalilinsu shi ne, yaron da ya sha ƙwayar ya koma rarrafe a ƙasa mai dalma, abin da aka fitar da safe zai mayar da yamma. Ga zuba ruwa a kwando, ga kuma ɓata lokacin da iyaye za su ɗauka an warke.

Tsabtacewar aiki ne na fartanya da shebur da buhu. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga jihar Idaho ta Amurka, TerraGraphics, tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jihar da mutanen ƙauyukan kansu, suka bi gida gida suna kankare saman ƙasa, suna kai ta ramukan da aka tanada a binne, suna shimfiɗa sabuwa mai tsabta. Daga tsakiyar 2010 zuwa farkon 2011 aka gama ƙauyuka bakwai: 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma kuma a nan babbar matattarar niƙan dutsen take, ta zauna jiran kuɗi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kanta a 2012, matasan Follow The Money su Hamzat Lawal suka ɗauki maganar a kafafen sada zumunta, sai a farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aka fara aiki. Duk tsawon wannan jira makarin yana nan a Anka, yaran Bagega kimanin 1,500 suna nan a Bagega, ƙasar tsakar gidajensu ta shiga tsakani.

A wannan labari guda ɗaya akwai ayyuka uku, kuma rahoton Turanci zai iya rufe su duka da kalmar da muke bibiya. Hausa ba ta yarda da wannan dunƙulewar ba, mu ma bai kamata mu tilasta mata ba. Ƙwayar DMSA makari ce, tana karya gubar da ta shiga jini. Kankare ƙasa kawar da tushe ne. Koya wa masu haƙa su fitar da niƙa daga cikin gari, su jiƙa dutse kafin su niƙa don kada ƙura ta tashi, su yi wanka su sauya tufa kafin su shiga gida, wannan riga-kafi ne. Akwai kuma abu na huɗu da babu aikatau ɗin da ya isa gare shi, wato yaran da suka rayu amma dalmar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, wasu sun makance, wasu ba sa iya tafiya, wasu karatu ba zai zauna musu ba. Makari ba ya mayar da wannan, kuma dalmar da ta shige ƙashi takan yi shekaru tana komowa cikin jini a hankali. Marubucin da ya rubuta "magance" ya share waɗannan yara daga labarin ba tare da ya yi niyya ba. Ya kuma gaya wa mai haƙa a wata jihar cewa abin yana da sauƙin gyara, alhali a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

(A gefe guda, tunda maganar makari ake: al'adar nan ta ɗura wa yaro manja ko madara in ya sha kananzir ko fiya-fiya ba makari ba ce. Ɗurar tana iya jawo amai, kananzir ɗin ya faɗa huhu, abin ya fi da muni. Marubutan ƙagaggun labarai suna yawan sa wannan fage a littafi yaron kuma ya miƙe garau, masu karatu suna ɗauka.)

Idan muka juyo gabashin jihar, yankin Gusau da Tsafe da Bungudu, kalmar da ta fi yawo a labarai cikin shekaru goma da suka wuce ita ce "daƙile", saboda matsalar 'yan bindiga. An gwada abubuwa da yawa. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. A shekarar ne gwamnatin Bello Matawalle ta shiga sulhu. A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai an ɗauke shi ne don ya rage ƙarfin wani abu da ke ci gaba da aiki, wato dai counteract a ma'anarta ta asali, kuma ba aikinmu ba ne a nan mu yanke hukunci a kan wanne ya yi amfani. Abin da ke gabanmu shi ne yadda za a rubuta su. Rufe layin waya ya toshe wa masu kai rahoto daji hanya, ya kuma toshe wa ɗan ƙauye hanyar kiran agaji da karɓar kuɗi daga ɗansa da ke birni. Rufe kasuwa ya tauye mai sayen abinci ya kai daji, ya tauye manomin da zai sayar da buhu ɗaya ya sayi magani. "Toshe" da "tauye" suna barin mai karatu ya tambaya: wa aka toshe, wa aka tauye? "Daƙile" takan rufe tambayar tun ba a yi ta ba. Haka ma tarihin 'yan sa-kai, waɗanda suka taso don kare ƙauyuka, amma kashe-kashen da aka zarge su da yi ba tare da shari'a ba suka zama cikin abubuwan da ake ambatawa a matsayin masu rura wutar. Hausar madafa tana da yadda take faɗin wannan, kanwa ce ta zarce.

Saboda haka idan takarda ta zo hannunmu da wannan aikatau, tambayar farko ba ta ƙamus ba ce. Mu duba abin da ake turewa: ya riga ya shiga jiki ko yana tafe? In yana tafe, muna da kare, da tare, da riga-kafi. In ya shiga ana kokawa da shi, muna da karya, da kashe kaifi, da rage raɗaɗi, da daƙushe, da sassauta. Jimlar da ke cewa an ba da tallafi to counteract tsadar abinci, Hausarta ita ce don rage raɗaɗin tsadar, domin farashin masara a kasuwar Gusau bai san an raba tallafi ba. Jimlar da ke cewa wata ƙwaya tana yin haka ga illar wata, Hausarta tana kashe kaifinta ko tana karya ta. Wani lokaci ma Hausa ta fi son a bar aikatau ɗin gaba ɗaya a kawo suna: wannan shi ne makarin wancan. "Magance" da "kawar da" mu ajiye su sai ranar da za mu iya nuna wa mai karatu cewa abin ya tafi, kamar yadda agana ta tafi.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalmar Zamfara ga hukumomin jihar, bayan fiye da shekara goma sha ɗaya, tana mai cewa yara sun daina mutuwa da gubar a ƙauyukan da ta yi aiki. Jimlar da ta dace da wannan rana ita ce an tsayar da mace-macen, an kankare ƙauyuka takwas, an karya gubar a jinin dubban yara. Dutsen kuwa yana nan a ƙarƙashin ƙasar Anka da dalmarsa, kuma farashin zinariya a yau ya ninka na 2010.